Ƙwayar haske ɗaya duk minti biyar: wata uku a rumbun bayanan Chandra

Wata uku ke nan ina shiga rumbun bayanan Chandra kusan kullum bayan na tashi daga aiki, kuma ina ganin yanzu na isa in faɗi ra'ayina a kansa. Ni malamin fiziks ne, binciken taurari ba sana'ata ba ce. Abin da ya kai ni can tambaya ce guda da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: baƙin ramin da ya yi likimo (baƙin rami abu ne a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa), wanda ke tsotsar tauraron da suke zagaya juna a hankali ba tare da hayaniya ba, ɗan hasken eksire da yake fitarwa daga ina yake zuwa? Na karanta amsa uku, kowace da manyan masana a bayanta, sai na ce bari in je in ga ƙwayoyin hasken da idona. An ce gani ya kori ji. To na gani, amma jin bai koru ba.

Ga wanda bai sani ba, Chandra na'urar hangen nesa ce ta hukumar NASA, an harba ta ranar 23 ga Yuli 1999 cikin kumbon Columbia, aka raɗa mata sunan masanin taurari Subrahmanyan Chandrasekhar. Dole ne a kai irinta sama, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye hasken eksire tun kafin ya iso ƙasa. Tana kammala zagaye ɗaya cikin kimanin awa 64, kuma a can ƙuryar zagayen tana kaiwa kusan sulusin tafiya zuwa wata. Cibiyar da ke kula da ita tana Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka. Tsarinsu shi ne masani ya nemi lokaci, a duba masa abin da yake so, a bar masa bayanan shi kaɗai na wani lokaci, daga nan a zuba su a rumbu kowa ya ɗiba. Ba wanda ya tambaye ni takardar shaida, ba wanda ya tambayi jami'ar da nake. Na rubuta sunan A0620-00, ɗaya daga irin waɗannan baƙaƙen ramuka masu likimo, jerin lokutan da aka dube shi ya fito, kowane da ranarsa da yawan daƙiƙun da aka yi ana kallo, na zaɓi na shekarar 2000 na sauke. Wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai yabo.

Manhajar da ake tace bayanan da ita sunanta CIAO. A Linux da macOS take aiki, don haka sai da na tsamo wata tsohuwar kwamfuta na sa mata Linux. Tare da ita ake sauke kundin daidaita na'urar, wanda ke cin gigabayit da dama. Kusan komai da rubuta umarni ake yi, ba da latse-latse ba. Akwai jagororin mataki-mataki da aka rubuta da Turanci, kuma gaskiya wanda ya rubuta su ya san inda sabon shiga ke tuntuɓe. Mako biyu na yi kafin hannuna ya faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda bayanan suke. Mutum zai zaci hoto za a ba shi, irin masu launi da ake gani a jaridu. Ina! Jadawali ne mai tsawo, kowane layi ƙwayar haske ɗaya, wato foton: ga lokacin da ta faɗo, ga inda ta faɗa a kan na'urar, ga ƙarfinta. Hoton kai za ka haɗa shi daga baya da wata manhaja mai suna DS9. Ba a yi wa komai kwalliya ba.

A0620-00 yana cikin tarin taurarin Monoceros, nisansa kamar tafiyar haske ta shekara 3,500. A 1975 ya ɓarke, tauraron ɗan'adam na Ariel 5 ya gan shi, ya yi hasken da ya ninka na Crab Nebula, ragowar wani tauraro da ya fashe wanda ake gwada hasken eksire da shi, kusan sau 50, ya zama abin da ya fi komai hasken eksire a sama in ka cire rana. Da aka koma tsofaffin hotuna sai aka tarar ya taɓa yin haka a 1917. A 1986 Jeffrey McClintock da Ronald Remillard suka auna gudun ƙaramin tauraron da ke zagaya shi cikin awa 7.75, suka nuna abin da yake zagayawa ya fi ƙarfin nauyin tauraron nutiron, wato dunƙulalliyar gawar tauraron da ya fashe, sai dai baƙin rami. Yau ana sa nauyinsa kusan ninki 6.6 na rana. Tun bayan ɓarkewar 1975 ya kwanta, bai sake tashi ba.

Da na buɗe hoton sai da na yi dariya ni kaɗai. Kusan awa goma sha biyu na'urar ta yi tana kallonsa, abin da ta tara ƙwayoyi ɗari da 'yan kai. Na raba, ya ba ni ƙwaya ɗaya duk minti biyar ko makamancin haka. Wannan dodon da ya cika sama da haske a 1975, ga shi ɗigo-ɗigo kamar famfon da ba a rufe sosai ba. A nan ne kuma na gane abin da ya sa Chandra ta fi sauran a wannan aiki. Madubinta yana bambance abubuwa biyu da ke tsakanin rabin daƙiƙar kusurwa, wato digiri ɗaya a raba shi gida 7,200. Saboda haka ƙwayoyin suna taruwa wuri ɗaya cunkus, da'irar da za ka zana a kansu ƙarama ce ƙwarai, hasken bayan fage da zai kutso cikinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Kafin Chandra, na'urar ROSAT ta taɓa hango shi a wannan hali, da ƙwayoyin da ba su kai hamsin ba, cikin da'ira mai faɗi da ke kwaso tarkace.

Kuskurena na farko nawa ne ni kaɗai. Na zuba ƙwayoyin cikin rukuni-rukuni bisa ƙarfinsu, na yi amfani da lissafin kai-sukwaya da muke koyar da ɗalibai, na sami sakamakon da ke canzawa duk lokacin da na canza girman rukunin. Kwana uku ina zargin manhaja. Da na kai kuka wurin wata tsohuwar malamata, ba ta ma buɗe fayil ɗin ba, ta tambaye ni ƙwaya nawa ke cikin kowane rukuni. Na ce wasu biyar, wasu uku. Ta tuna mini cewa wancan lissafin yana bukatar adadi mai yawa a kowane rukuni, kuma tun 1979 Webster Cash ya fitar da hanyar da ta dace da ƙidaya kaɗan. Hanyar tana nan cikin Sherpa, manhajar gwada hasashe da ke zuwa tare da CIAO, an ma yi gargaɗi a kanta a jagorar da na tsallake. Da na gyara, sakamakon ya zauna.

To me ya sa ɗan hasken nan ya zama abin muhawara? Saboda ya yi kaɗan fiye da kima. Daga hasken da ido ke gani a gefen faifan gas da ke kewaye da ramin, ana ƙiyasta cewa tauraron yana zubo abin da ya kai kashi ɗaya cikin biliyan goma na nauyin rana duk shekara. Na ɗauki biro na lissafa: da a ce wannan gas yana gangarawa ta siririn faifai har ciki, yana mai da kashi goma cikin ɗari na nauyinsa haske kamar yadda ake gani lokacin ɓarkewa, da hasken ya ninka na rana fiye da sau ɗari. Abin da Chandra ke gani kuwa kusan kashi ɗaya cikin dubu ne na hasken rana. Giɓin ya kai ninki dubu ɗari. Wani kaso na gas ɗin yana taruwa a faifan waje mai sanyi, yana jiran ranar da zafinsa zai kai ya farfasa haidurojin a sake ɓarkewa, wannan an yarda. Amma bai isa ya cike giɓin ba.

Amsa ta farko ita ce ta Ramesh Narayan da Insu Yi, tun 1994, kodayake Setsuo Ichimaru ya riga su hango tushenta a 1977. Suka ce faifan ba ya kaiwa ciki. A wani nisa yana ƙafewa ya zama gas mai tsananin zafi, mai kumburi, wanda ya yi shara-shara har furoton da ilektoron ba su cika haɗuwa ba. Zafin gogayya galibi furoton ke kwashewa, su kuwa ba su iya fitar da haske ba. Ilektoron ne gwanayen haske, amma kafin zafin ya iso hannunsu gas ɗin ya riga ya faɗa. Ɗan abin da suka samu shi suke fitarwa: suna juyi cikin maganaɗisu su ba da haske mai rauni, su sake bugun wannan hasken su ɗaga ƙarfinsa zuwa eksire, ko su ci birki kusa da furoton su saki ƙwaya. Sauran zafin ya wuce bakin baƙin ramin, inda ba a dawowa. A 1999 Roger Blandford da Mitchell Begelman suka yi wa wannan gyara, suka ce gas mai irin wannan zafi ba ya zama, mafi yawansa iska ce ke kwashe shi waje, kaɗan ne ke kaiwa bakin.

Amsa ta biyu feshi ne. Baƙaƙen ramuka da yawa suna harba siririn feshin gas sama da ƙasa, ana jin sa a zangon rediyo. A 2003 Rob Fender da Elena Gallo da Peter Jonker suka nuna cewa idan haske ya yi ƙasa sosai, ƙarfin da ke tafiya cikin feshin zai iya fin wanda ke fita a matsayin haske. A 2005 aka saita na'urorin rediyo na VLA da ke New Mexico a kan A0620-00 a daidai lokacin da Chandra ke kallonsa, aka ji shi da ƙarfin maikurojanski 51 a ma'aunin rediyo, raɗa ce kawai, amma ta tabbatar feshin bai mutu ba. A shekarar ce kuma Feng Yuan da Wei Cui suka yi hasashen cewa idan hasken ya yi ƙasa matuƙa, eksire ɗin kansa daga feshin zai riƙa fitowa.

Ta uku ita ce ta fi sa ni murmushi, don ta ce kowa ya yi ta kallon inda ba nan ba ne. A 2000 Lars Bildsten da Robert Rutledge suka ce wataƙila hasken ba na ramin ba ne sam, na tauraron ne. Kowane tauraro irin rana yana da lulluɓin gas mai zafi da ake kira korona, ba cutar ba, wanda ke fitar da eksire. Rana tana juyawa sau ɗaya cikin kusan kwana 25, shi kuwa wannan tauraron ƙarfin jan ramin ya tilasta masa juyawa duk awa 7.75, kuma tauraro mai saurin juyi koronarsa ta fi zafi da haske. Sai dai abin yana da iyaka: ba a cika ganin eksire na korona ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na dukan hasken tauraro ba. A0620-00 yana kusa da wannan iyakar, shi ya sa maganar ta samu wurin zama.

Na zauna da ƙwayoyina ɗari da 'yan kai na gwada. Na sa hasashen layi mai gangara, wato yawan ƙwayoyi na raguwa yayin da ƙarfinsu ke ƙaruwa, irin wanda gas mai zafi ko feshi za su bayar, ya zauna daram, ma'aunin gangararsa kusan 2, da ratar kuskure mai faɗi ta kowane gefe. Na cire shi na sa na korona, shi ma bai faɗi warwas ba. Ga kuma wata matsala: ƙurar da ke tsakaninmu da shi tana cinye ƙwayoyi masu rauni, kuma idan ka ƙara yawan ƙurar a lissafi ka ƙara gangarar, sai ka koma inda ka fito. Manhajar ba ta ɓoye mini wannan ba. Ta zana mini taswirar rashin tabbas, wata doguwar ayaba kwance a kan takarda, duk inda ka tsaya a cikinta ka yi daidai. Na fi girmama ta a wannan daren fiye da kowane dare.

Da na koma kan wani baƙin ramin, V404 Cygni, sai na ji kamar an buɗe mini taga. Shi nauyinsa kusan ninki 9 na rana, zagayensa kwana 6.5, nisansa tafiyar haske ta shekara 7,800 kamar yadda aka auna da rediyo a 2009. Ya ɓarke a 1938 da 1989 da kuma Yunin 2015. A cikin masu likimo shi ne ya fi haske, ya ninka A0620-00 sau ɗaruruwa, domin abokin zamansa tauraro ne da ya fara kumbura, yana zubo gas da yawa. Cikin ƙasa da awa uku Chandra ta tara masa ƙwayoyi fiye da dubu. A nan na ga abin da ba a iya gani a wancan: hasken ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya hau, ya sauka, ya yi tsalle ninki da yawa cikin 'yan awoyi. A kallon 2003, wanda aka haɗa da na'urorin ƙasa, an ga jan hasken haidurojin na faifan yana tashi tare da eksire ɗin, alamar cewa wani abu daga tsakiya ne ke haska faifan. Korona kam ta fita daga lissafi a nan, don hasken ya zarce iyakarta nesa ba kusa ba.

Amma tsakanin gas mai zafi da feshi, har a V404 Cygni da sauran rina a kaba. Dukansu biyun suna iya ba da gangara kusan 2. Richard Plotkin da Gallo da Jonker sun tattara ramuka da dama a 2013, suka ga gangarar tana tashi daga kusan 1.6 ta tsaya wajen 2.1 idan haske ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu ɗari na iyakar Eddington, wato iyakar hasken da abu mai wannan nauyi zai iya yi kafin hasken ya ture gas ɗin da ke faɗowa. Kowane ɓangare ya ce ai hasashensa ke nan. Ni dai bayan wata uku na fi karkata ga cewa eksire ɗin na gas mai zafi ne wanda mafi yawansa ke tserewa, rediyon kuma na feshi. Ina kuma zargin cewa a can kusa da bakin ramin, gindin feshin da cikin gas ɗin abu ɗaya ne aka ba suna biyu, ba cinya ba ƙafar baya. Ra'ayin malamin aji ne, a ɗauke shi a haka.

Akwai wani amfani da aka yi da irin waɗannan bayanai da ya sa na sauke na Cen X-4 ma, wanda tauraron nutiron ne. A 2001 Michael Garcia da abokan aikinsa suka jera masu likimo iri biyu bisa tsawon zagayensu, suka ga baƙaƙen ramuka sun fi taurarin nutiron duhu kusan sau ɗari. Fassararsu ita ce tauraron nutiron yana da doron da gas zai faɗa a kai ya saki zafinsa, ramin kuwa ba shi da shi. Hujja ce mai daɗin ji, kuma bambancin a fili yake a allon kwamfutata. Sai dai tauraron nutiron yana iya yin haske da zafin da ya adana a ɓawonsa tun ɓarkewar baya, kuma daga baya an sami irinsu masu duhu ƙwarai, kamar 1H 1905+000, wanda Chandra ta daɗe tana kallo ba ta ga komai ba.

Abubuwan da mai shiga ya kamata ya sani tun farko: Chandra ba ta gani sama da kilo-ilektoronbolt 10 a ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske, alhali lanƙwasar da za ta iya raba gardamar tana iya kasancewa can sama. NuSTAR, da aka harba a 2012, ta bi V404 Cygni har wuce 20 ta tarar layin bai lanƙwasa ba. Wajen kwasar ƙwayoyi da yawa kuma XMM-Newton ta Turai ta fi ta, ita dai kaifin ido ne nata. Kyamarar Chandra mai suna ACIS a tsarinta na yau da kullum tana ɗaukar hoto duk daƙiƙa 3.2, don haka idan abu ya ɗan yi haske, ƙwaya biyu kan faɗa wuri ɗaya a ƙirga su ɗaya mai ƙarfi, gangarar ta karkace. A A0620-00 ba ruwanka da wannan, a V404 Cygni sai ka kula. Sannan wani datti ya daɗe yana taruwa a kan matatar kyamarar, yana rage mata ganin ƙwayoyi masu rauni shekara bayan shekara. Kundin daidaitawa yana lissafa wannan, amma ba zai dawo maka da ƙwayar da ba ta shigo ba. Shi ya sa kallon shekarun farko ya fi na baya-bayan nan daraja ga irin wannan aiki. Rediyo kuwa babu shi a rumbun, sai ka nema wani wuri.

Wa zan ba shawarar ya shiga? Ɗalibin fiziks da ya wuce shekara ta biyu, malamin da ke son misalin lissafin ƙidaya kaɗan wanda ba na ƙirƙira ba, da duk wanda ba ya tsoron baƙin allo mai jiran umarni. Mai neman hotuna masu kyau ya tsaya a waɗanda aka riga aka wallafa. Kuma a fara da V404 Cygni, kada a yi irin tawa. Ka koyi aikin inda ƙwayoyi suke da yawa, sannan ka gangara wurin masu ɗigo.

Jiya na sauke na Gaia BH2, ɗaya daga ramukan da aka gano ta hanyar rangajin tauraron da ke zagaya su, ba ta hasken eksire ba. Abokin zamansa jan ƙaton tauraro ne da ke zagaye cikin kusan shekara uku da rabi, yana hura masa iska daga nesa. Da duk iskar da ramin ya kama tana kaiwa ciki, da Chandra ta gan shi. Na zana da'irata a daidai inda ya kamata ya kasance, na ƙara girman hoton har murabba'an allon suka fito ɗaya-ɗaya. Wayam. Yanzu ina kan jagorar da ke koya yadda ake lissafa iyakar hasken abin da ba a gani ba, kuma wannan karon daga layin farko na fara karantawa.